Ka Mayar Mini da Maganata Inda Ka Ɗauko Ta

An yi wani mutum a garin nan namu na Azare. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma don Allah kada wani ya tare ni a bakin masallaci yana tambayata ko wane ne. Ba gulma muka zauna yi ba. Mutumin ya riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage mana kawai mu ɗauki darasi.

Ya 'yan uwa, Allah ya ba mutumin nan murya. In ya yi sallama sai ka ji kamar ka daɗe da saninsa. Tun yana saurayi ya samu aiki a wani gidan talabijin, ya fara da karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, a hankali har aka ba shi shiri nasa na kansa. Shi ke gabatarwa, shi ke tsarawa, shi ke zama a ɗakin tacewa ya zaɓi abin da za a nuna da abin da za a zubar. Ya sa wa shirin suna A Gindin Tsamiya.

Ba a ɗakin sanyi yake aikinsa ba. Ƙauye-ƙauye yake bi da na'urar ɗaukar hoto, yau Gadau, gobe Disina, wani makon ya nausa Katagum. In ya isa wurin dattijo sai ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa da shi, ya yi gaisuwa har sai ta ƙare. Mahaifiyarsa Bafillatana ce, saboda haka in ya shiga ruga da Fillanci yake sallama. Tsofaffin da ba sa buɗe baki gaban baƙo, shi suna buɗe masa. Suna ba shi tarihin gari, suna gaya masa damuwarsu.

Kuma a faɗi gaskiya, an amfana da shi. Akwai rijiyar da ta rufta aka manta da ita, ya nuna, aka gyara. Akwai manoma da makiyaya da suka kusa zubar da jini a kan burtali, wato hanyar shanu, ya zaunar da su a tabarma ɗaya har aka rabu ana dariya. Shekara da shekaru yana haka, har yaran da suka tashi suna kallonsa suka aurar da nasu 'ya'yan. In aka yi gardama a majalisa, da wani ya ce "ai a Gindin Tsamiya na gani," to magana ta ƙare.

To ina Shaiɗan zai shigo wa irin wannan mutum? Ba ya shan giya, ba ya bin mata, sahun farko yake sallah. Ta ƙofar aikinsa ya shigo masa.

Zamani ya juya. Tashoshi suka yi yawa, kowane gida da farantin kama tashoshi a kan rufi, mutane suka koma kallon abin da ke tayar da hankali. Hirar dattijo a kan yadda ake noman gero ta daina jan jama'a. Mutumin nan ya lura cewa duk makon da wani ya yi kuka ko ya yi fushi a shirinsa, washegari gari ya ɗauka. Wanda ya saba a tsayar da shi a kasuwa ana yaba masa, shiru yana yi masa ciwo.

Kun san aikin tacewa yanka ne da haɗi, kamar na tela. Da can abin da yake yankewa tari ne, da kukan akuya, da inda tsoho ya maimaita kansa. Wannan ba laifi. Sai ya fara yanke inda mutum ya sassauta. Mutum ya ce maƙwabcina ya cuce ni, amma dai mun daɗe muna zaman lafiya, sai a nuna rabin farko, rabin ƙarshe ya tafi kwandon shara. Ya gaya wa kansa ai bai ƙara ko kalma ɗaya ba, duk daga bakinsu ta fito. Haka zunubi yake, ba ya zuwa da ƙaho, da hujja yake zuwa.

Ana nan sai wata magana ta taso a wata ruga da ke bayan Gadau. Akwai wani dattijo ana ce masa Baffa Jalo. Ɗansa na fari, Hammawa, shi ke kiwon shanun da wasu mutanen gari suka ba su amana. A hanyar dawowa daga kiwon rani aka kore shanun. Wasu suka ce ɓarayi ne, wasu suka ce ai shi ya sayar. Kunya ta hana Hammawa shigowa gida hannu rabbana. Ya tsaya wajen kawunnansa ta ɓangaren Misau, yana bin sawun shanun daga kasuwa zuwa kasuwa, da niyyar ba zai dawo ba sai da su.

Mutuminmu ya ji labari, ya ce ga shiri ya samu. Ya ɗebi kayan aiki sai ruga. Baffa Jalo ya karɓe shi hannu bibbiyu, don ya san kakanninsa na wajen uwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Da aka kunna na'ura, sai ya tambaye shi me zai ce game da ɗansa Hammawa.

Tsoho ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki sandarsa yana zane a ƙasa. Bai ce uffan ba.

Ku da kuka tashi tare da Fulani kun san wannan shirun. Bafillace ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya tsaya masa a gaban mutane, ko da son yaron zai kashe shi. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Sau da yawa ma ɗan da aka fi yi wa shiru shi aka fi so. Kuma mutuminmu ya san haka sarai, domin shi ma ɗan fari ne, mahaifiyarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Da ya ga tsoho ba zai tanka ba, sai ya canza zance, aka koma hirar shanu. Nan fa baki ya buɗe. Baffa Jalo ya ba shi labarin wani bijiminsa mai taurin kai, kullum sai ya tsinke ya faɗa gonar mutane ya jawo masa faɗa. Yana magana har da ɗaga sanda, ya ce, "Wannan ai na cire shi daga nawa. Ya zubar mini da mutunci ya isa. Ko ya dawo, ba zai ƙara kwana a wurina ba." Aka yi dariya, aka sha nono, aka yi sallama.

A ɗakin tacewa, mutumin nan ya ɗauki tambayar da ya yi a kan Hammawa, ya bar shirun tsoho ya yi tsawo yadda zai taɓa zuciya, sannan ya ɗauko maganar bijimi ya liƙa a bayanta. Don kada a ga ɗinkin, sai ya sa hoton fuskarsa a tsakani yana gyaɗa kai, alamar tausayi. Duk wanda ya kalla, abin da ya gani shi ne uba ya yi dogon tunani, sannan ya sallama ɗansa a gaban duniya.

Ya 'yan uwa, wace kalma ce a ciki ba ta Baffa Jalo ba? Babu. To wace ce gaskiya a ciki? Ita ma babu.

Shiri ya yi farin jini irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Har maimaita shi aka yi. Mutane suna cewa ka ga dattijon kirki, gaskiya ta fi masa ɗa. Mutuminmu kuwa ko'ina ya bi sai sannu da aiki.

Hammawa a teburin mai shayi ya gani, ranar wata kasuwa, cikin mutane. Shirun bai dame shi ba, ya san shirun babansa. Maganar ce ta kashe masa jiki. Uban da bai taɓa ambatonsa ba ko da alheri, yau ya buɗe baki a kansa, kuma abin da ya fito ke nan. Ya ajiye kofin shayin bai shanye ba, ya tashi.

Daga baya Allah ya wanke shi. Aka gano akasarin shanun a hannun waɗanda suka kore su. Hammawa ya haɗa su da wani ɗan uwansa ya kai wa masu su, shi kuwa ya juya ya yi gabas. Ya ce tunda an ce ba zai ƙara kwana a wurin ba, ba zai sa tsoho ya janye maganarsa ba.

Baffa Jalo ba shi da talabijin. A bakin mutane ya ji abin da aka ce ya faɗa. Ya aika a gaya wa yaron ba haka ba ne. Amma yaya Bafillace zai aika wa ɗan fari cewa ka dawo, ina kewarka? Abin da ya iya faɗa wa ɗan aiken shi ne, a gaya wa wancan damina ta kusa, shanu suna bukatar mutum. Amsar da ta dawo ita ce, na gani da idona, na ji da kunnena. A wancan lokacin maganar ɗan aike ba ta ture abin da aka gani a akwatin talabijin.

Sai tsoho ya wanke rigarsa, ya sa aka cika masa ƙwarya da man shanu, ya shigo Azare ranar kasuwa. Ku duba, shi aka cuta, shi ne da tsaraba. Ya yi sallama a gidan mutumin, aka shigar da shi zaure. Bai ɗaga murya ba, bai yi Allah ya isa ba. Bayan gaisuwa sai ya ce:

"Alhaji, ni ban san aikinku ba. Amma an ce akwatin nan ba ya mantuwa. Ka mayar mini da maganata inda ka ɗauko ta. Wancan yaron ya gani, shi ke nan."

Abin da ya roƙa ke nan. Kuma abu ne mai sauƙi, domin kaset ɗin da aka ɗauki hirar tun daga farko har ƙarshe yana nan a ajiye. A nuna shi yadda yake, magana ta mutu. Mutumin ya ce in sha Allahu mako mai zuwa. Ya raka tsoho har bakin titi.

Amma a nuna kaset ɗin nan, daidai yake da ya tsaya gaban jama'a ya ce ni maƙaryaci ne. Ga shi kuma a daidai lokacin ana shirin karrama shi saboda daɗewa a aiki, an sa rana, har ya kai ɗinki. Ya ce bari biki ya wuce tukuna. Matarsa, Hajiya Kaltum, wadda ta ji komai daga bayan labule, ta same shi ta ce, "Alhaji, tsohon nan fa bai roƙi komai naka ba. Nasa ya zo karɓa." Ya ce mata ba ta san yadda aikin yake ba, komai da lokacinsa.

Biki ya zo ya wuce. Mako mai zuwa ya zama bayan sallah, bayan sallah ya zama bayan kaka. Baffa Jalo ya sake zuwa, aka ce masa Alhaji ya yi tafiya, alhali yana ciki. Bai ƙara dawowa ba. Mutanen ruga sun ce kullum la'asar sai ya fita bakin burtali ya zauna yana fuskantar gabas. In an tambaye shi sai ya ce shanu yake jira, ko da kuwa shanun sun riga sun shiga.

Kuna tsammanin abin ya ɓoyu? Ranar da aka yi hirar akwai mutane zaune a gefe, sun ji maganar bijimi da kunnensu. Ba su da gidan talabijin, amma suna da kasuwa, suna da taron suna da na biki. Magana ta bi ruga-ruga, ta shiga ƙauyukan manoma, ta iso gari. Ba wanda ya tare shi, ba wanda ya zage shi. Abin da suka yi masa ya fi zagi ciwo.

In ya isa ƙauye sai a tarbe shi kamar da. A shimfiɗa tabarma, a kawo fura. Da an kunna na'ura, ya tambayi dattijo yaya damina, sai a ce alhamdulillahi. Yaya zama da maƙwabta? Lafiya lau. Babu wata damuwa? Sai alheri. Ya juya tambaya ta kowace fuska, amsa ɗaya ce. Mutumin da abincinsa ke bakin mutane, mutane suka rufe baki. Shiri ya bushe, masu kallo suka watse, aka mayar da shi lokacin da ba kowa a gida, daga baya aka ce masa ya huta haka nan, ya yi ƙoƙari.

Ya dawo gida ya zauna. In ya nufo majalisa ana tsakiyar hira, sai ka ji an koma zancen zafin rana. Har abokansa na ƙuruciya suna auna magana a gabansa. Wallahi na tausaya masa, domin babu kaɗaicin da ya kai a yi maka fara'a ana ɓoye maka ciki.

Yana cikin wannan hali aka zo masa da labarin Baffa Jalo ya rasu. A nan ne tsoron Allah ya kama shi, irin wanda ke hana cin abinci. Ya ce tunda uba ya tafi, bari ya kai wa ɗan. Ya koma tsohon wurin aikinsa, ya roƙi a bar shi ya duba ɗakin ajiya. Ya samu kaset ɗin, ga rubutun hannunsa a jiki. Aka nemo tsohuwar na'ura da ƙyar, aka saka.

Sai ga shi shi da kansa, cikin babbar riga, yana murmushi, ana miƙa masa lambar yabo, ana tafi.

A wancan zamanin kaset yana wuya, in an gama da ɗaya sai a sake ɗaukar wani abu a kansa, na da ya goge. Ranar bikin karramawarsa kaset ya ƙare wa masu ɗauka, shi da hannunsa ya zaro wannan ya miƙa, ya ce an gama da shi. Ko mantuwa ce, ko zuciyarsa ce ta so hakan, Allah shi ya bar wa kansa sani. Ya sa aka kai shi har ƙarshe ko za a samu ragowar muryar tsoho. Babu ko tari.

Duk da haka ya tafi. Ya bi tambaya har ya samu Hammawa a wata ruga ta bayan Katagum, furfura ta fara fito masa, yana da nasa 'ya'yan. Ya zauna a gabansa ya faɗi komai, bai rage ba, yana kuka. Ya ce bijimi tsohon yake nufi, ni na haɗa, ya zo har gidana sau biyu saboda kai.

Hammawa ya tambaye shi ina shaida. Ya ce babu, ta goge. Sai Hammawa ya ce:

"Alhaji, wancan karon na yarda da kai, na rasa uba. Yanzu in na sake yarda da kai, ni ne na bar tsoho ya mutu yana duban hanya. Wanne kake so in ɗauka?"

Hammawa ya sa aka kawo masa nono, don baƙo baƙo ne. Da zai tafi Hammawa ya ce masa, nasa haƙƙin zai duba zuciyarsa, amma na tsoho ba shi da ikon yafewa, sai dai ya je ya same shi.

Bayan wannan mutumin bai ƙara zama daidai ba. A shekarunsa na ƙarshe, duk wanda ya je gaishe shi sai ya riƙe masa hannu ya fara: bijimi yake nufi, wallahi bijimi yake nufi, ba yaron ba. Jikokinsa su ce wa baƙo ya yi haƙuri, haka yake yi, tsufa ne. Gaskiyar da ya ƙi faɗa lokacin da dubban mutane ke saurarensa, ya ƙare yana faɗa wa waɗanda suka ɗauka ruɗewa ce. A haka ya cika. Muna roƙa masa rahama, domin ya yi nadama, kuma rahamar Allah ta fi zunubinmu faɗi. Amma yadda za su ƙare da Baffa Jalo, wannan sai a can.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce ai ni ba ma'aikacin talabijin ba ne. Me ke cikin aljihunka? Ba waya ba ce? Na ga wasu ma tun ɗazu suna shafa ta. A da mutum ɗaya ne a gari yake da ɗakin tacewa, yau kowa yana yawo da nasa. A yanko rabin maganar malami, rabin maganar ɗan uwa, a tura, kai ma ka tura, ka ce ai muryarsa ce. Ko ba waya ma, wanda ya je ya gaya wa babban wa abin da ƙaninsa ya faɗa, ya bar inda ya sassauta, aikin nan dai ya yi. Maganar mutum amana ce a hannun wanda ya ji ta. In za ka ɗauke ta, ka ɗauke ta da kanta da ƙafarta, in ba za ka iya ba ka bar ta inda take.

Sannan ku lura, ba yankan ne kaɗai ya kai mutumin nan ƙasa ba. An ba shi dama. Mai haƙƙi ya zo har zaurensa da ƙwaryar man shanu, gyara yana hannunsa, ya ce mako mai zuwa. Malamai sun gaya mana, abin da ke tsakaninka da Allah, tuba tana share shi, amma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe. To in bawan ya shiga ƙasa fa? Kunyar da kake gudu yau a gaban mutane, wallahi ƙarama ce.

In akwai wanda ka san ka sauya wa magana, kuma yana numfashi, kada ka jira juma'a mai zuwa. Daga nan ka wuce gidansa, ka mayar masa da ita inda ka ɗauko ta.

Ya Allah ka tsare harsunanmu da hannayenmu daga haƙƙin bayinka. Ka ba mu ikon gyarawa tun masu haƙƙi suna da rai. Kada ka ɗauki ranmu da maganar wani a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu, ya sa mu cika da imani. Amin.